Ɗamarar Tumbi: Ƙaiƙayin Maƙogwaro, Abinci Da Motsa Jiki Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

 

Ƙasar da ta miƙe daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ta zagayo Kunchi da Makoɗa da Dambatta da Minjibir, ƙasa ce da gona ke manne da gona, gida ke hango gida. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya nazarci yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, suna raya shi da takin da jakuna ke ɗaukowa. Rayuwa ce ta fartanya da turmi da guga da tafiyar ƙasa, wadda ba ta barin kitse ya zauna a jiki.

Yau babur ya karɓi aikin ƙafa, injin niƙa ya karɓi aikin taɓarya, lemon kwalba da taliya sun shiga kowane shago. A unguwar da ake fama da tamowar yara, a nan kuma za ka tarar da ɗan kasuwar hatsi ko hajiyar da ƙiba ta haɗa da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ƙibar da ta wuce kima. Mai hali da ke zuwa Masar ko Indiya ko Dubai neman magani zai iya dawowa da tiyatar rage ƙiba a jikinsa. Sai dai likita yakan gama nasa aikin cikin awa guda. Sauran aikin na shekaru ne, kuma a gindin murhu da bakin akushi ake yin sa.

Mece ce ɗamarar tumbi?

Wani zobe ne na roba mai laushi da ake ɗaurawa a saman tumbi, ya raba shi gida biyu. Ɗan aljihun da ke sama bai wuce cin cokali biyu na abinci ba, kuma ta wata siririyar ƙofa abincin ke gangarawa ƙasa. Daga zoben akwai bututu zuwa wani ɗan maɓalli da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita ke zuba ruwan gishiri da allura ya ƙara matse ɗamarar, ko ya zuƙe ya sassauta ta.

Dokta Lubomyr Kuzmak ne ya fito da irin wadda ake iya matsewa da sassautawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1980. A watan Satumban 1993 kuma Dokta Mitiku Belachew, haifaffen Habasha, ya saka ta ta ƙananan huda da kyamara a garin Huy na Beljiyam, ba tare da tsaga ciki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. A 2011 kusan kashi 35 cikin 100 na tiyatar ƙiba a Amurka ɗamara ce, amma kafin 2019 ta faɗo ƙasa da kashi 2, domin da yawa sai da aka sake buɗe su aka cire ta. Wannan ya isa ya nuna wa mai ita cewa ba abin da za a saka a manta ba ne.

Ba kuma don kwalliya ake yin ta ba. Ƙa'idar da aka fitar a 1991, wadda aka daɗe ana bi, ta ce ma'aunin BMI ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta kamar suga. Ana samun ma'aunin ne ta raba nauyi da tsawo sau tsawo: mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 116 ya kai 40. Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya da ke Malesiya a Yulin 2007, ta halatta rage ƙiba ko da ta hanyar tiyata, idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an aminta daga cutarwa.

Maƙogwaro ɗan aike ne

Ƙaiƙayi ko zafin maƙogwaro bayan wannan aiki iri uku ne, kuma rarrabe su na iya ceton rai.

Na farko shi ne na kwanakin farko. Bututun numfashi da aka zura lokacin da aka sa majiyyaci barci ne ke goge maƙoshi, har murya ta dishe. Wannan kan wuce cikin 'yan kwanaki da kurɓar ruwan ɗumi.

Na biyu na gari ne, wanda kowa ke yi: ƙurar hunturu, hayaƙin murhu, ƙaiƙayin gero lokacin sussuka da shiƙa, ko mura. Alamarsa ita ce ba ruwansa da cin abinci, kuma sau da yawa wasu a gidan na fama da shi.

Na uku shi ne abin lura. Idan ɗamara ta matse da yawa, ko loma ta yi girma, ko an ci da sauri, abinci yakan tsaya a sama. Sai a ji nauyi a tsakiyar ƙirji, yawu mai yauƙi ya cika baki, abincin ya dawo kamar tumbiɗin jariri. Da dare kuma abin da ya rage yakan tsiyayo zuwa maƙogwaro, mutum ya farka da tari da ƙwarewa, ya wayi gari da ƙwarnafi da disasshiyar murya. Idan aka bar shi, yana iya faɗaɗa hanyar abinci, ko ya shiga huhu ya haddasa ciwon haƙarƙari. Maganinsa sau da yawa sassauta ɗamara ne, ba jiƙo ba.

A nan ne al'ada ke iya jefa mutum cikin haɗari. A karkararmu, wanda maƙogwaro ya dama akan ce beli ne, a kai shi ga wanzami a cire hakin wuya. Ga mai ɗamara wannan ƙarin rauni ne a inda babu laifi, ga zubar jini, ga ɓata lokaci. Haka jiƙa kanwa a sha don ƙwarnafi: tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, ta rufe saƙon da jiki ke aikowa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis bayan aikin gona su ma suna cin bangon tumbi, kada a sha sai da izinin likita.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Idan ruwa ma ya ƙi wucewa, ko yawu ya gagara haɗiyewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo mai tsanani ya kama saman ciki, ko aka ga jini a amai, ko wurin maɓallin ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi, to wataƙila ɗamarar ta zame ko ta fara cin tumbin. A nufi babban asibiti mai likitocin tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a ranar, da takardun aikin a hannu. Maɓallin yana da allurarsa ta musamman. Kada a bar mai allurar unguwa ya taɓa shi. Wanda zai je a yi masa aikin a waje, ya tabbatar kafin ya tafi ya san likitan da zai riƙa duba shi idan ya dawo.

Tuwo da ɗamara

Bahaushe ba ya tauna tuwo. Yakan yanko loma, ya dulmiya ta a miyar kuka ko kuɓewa, yauƙi ya raka ta ta wuce. Wannan ɗabi'a da aka tashi da ita ce babbar abokiyar gabar ɗamara, domin ƙofar da ta rage ba ta ɗaukar lomar da ba a tauna ba.

Tsarin da likitoci suka fi bayarwa hawa-hawa ne. Kamar mako biyun farko ruwa-ruwa zalla: romon kaza da aka tace, koko marar kauri, madara, nono ba sukari. Mako biyu na gaba abin da aka dama ya yi sumul, kamar faten wake da aka murje, da kindirmo. Sannan mai laushi: alale, ƙwai, kifi, dankalin da ya dahu luguf. Sai wajen mako na shida ake komawa abincin gida, kuma a daidai lokacin ne akan fara matse ɗamarar.

Daga nan dokokin ba su da yawa, riƙe su ne aiki. Loma kada ta wuce girman ƙwayar gurjiya. A tauna kamar sau ashirin. A ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci, da an ji alamar ƙoshi a janye hannu. A fara da mai gina jiki, wato wake da ƙwai da kifi da nama mai laushi, kafin tuwo. Kada a kora da ruwa. A bar tazarar rabin awa. Kada a kwanta sai bayan awa biyu zuwa uku da cin abinci, a kuma ɗaga wajen kai.

Abincin da ya fi maƙalewa sanannu ne: burodi da gurasa, tuwon shinkafa mai danƙo, ɗanwake, kilishi, tsire, ganda, soyayyen naman layya da ya bushe, da ganye mai zare kamar rama. A ɗaya gefen kuma akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Fura da aka zuba wa sukari, kunun zaƙi, zoɓo, shayi mai kauri da lemon kwalba duk suna ratsa ɗamara ba tare da ta tare su ba. Wanda tuwo ya ba shi wuya ya koma wa fura da kunu zai iya shekara nauyinsa bai motsa ba. Ruwa kuwa ana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kurɓi-kurɓi, musamman a bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40. A riƙa shan ƙwayar bitamin da likita ya rubuta, mace kuma ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Wannan nauyi ba na majiyyaci kaɗai ba ne. Wanda ke ciyayya da 'yan uwa a kwano ɗaya dole ya yi sauri, don haka a ware masa ɗan kwanonsa. Uwargida ta san abin da za ta tuƙa. Mai masauki kuma ya daina rantsuwar sai baƙo ya ƙara. Ga mai ɗamara wannan karamci cutarwa ne. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba da Tirmizi ya ruwaito ya daɗe da karantar da mu raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Abin da ɗamara ke tilastawa da roba, Sunna ta nemi a yi shi da tarbiyya, kuma gidan da ya ɗauki wannan ladabi gaba ɗaya zai sauƙaƙa wa marar lafiyarsa.

Motsa jiki

Tafiya ake fara yi tun ranar aikin, domin tana kare daskarewar jini a ƙafa. Amma mako huɗu zuwa shida ba a ɗaukar kaya mai nauyi: ba sungumar buhu, ba jan guga, ba daka, ba huɗa. Wanda tsayuwa ko sujada ke yi wa ciwo ya yi sallah a zaune, kamar yadda aka sauƙaƙa wa Imrana ɗan Husaini a hadisin da ke cikin Bukhari.

Bayan an warke, Hukumar Lafiya ta Duniya na so baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Mutumin karkara ba ya bukatar ɗakin motsa jiki. Ya ajiye babur ya taka zuwa masallaci da gona da kasuwa, bayan Asuba ko bayan La'asar. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida, ta koma wa turmi da shara a hankali, maigida kuma ya taya ta. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA). Amfanin motsin shi ne abin da ke zubewa ya zama kitse, ba tsoka ba.

Azumi fa?

Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar shan azumi ya rama. Likitocin wannan fanni sukan ba da shawarar a jinkirta azumi watanni bayan aikin, wasu har shekara, saboda wanda ba ya iya kwankwaɗar ruwa ba zai iya maida abin da ya rasa cikin dare ɗaya ba. Karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne.

Wanda likita ya yarje masa, ya kiyayi lokacin buɗa baki, domin yunwa ce ke sa a manta da tauna. Ya fara da ruwan ɗumi, ya tauna dabino sosai, ya yi Magariba, sannan ya ci kaɗan. Kada ya shiga tarawihi da abinci a ƙirji, kada ya koma shimfiɗa da gama sahur. Aman da ya zo da kansa ba ya karya azumi matuƙar ba a mayar da wani abu ba, amma wanda ya jawo shi da gangan zai rama. Wanda abinci ke yawan dawo masa ya kai wa malami tambayarsa, ya kuma kai wa likita ɗamararsa.

Jiki amana ne, kuma neman magani ba ya ƙarewa a ƙofar ɗakin tiyata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa wahalarsu ta zama kaffara, amin.