Robert Watson-Watt: Mai Farautar Tsawa Da Ya Tsare Ƙasarsa Da Rada

Duk manomin da ke da akwatin rediyo a Sarkin Yamma, ko a sauran ƙauyukan ƙasar Madarunfa, ya san wani abu guda. In damina ta kama, hadari ya taso daga gabas, rediyo yakan yi ta ƙarar-ƙarar, magana tana yankewa, tun ba a ji rugugin tsawa ba. Yawancin mutane haushi suke ji, su kashe akwatin. To, akwai wani mutum a ƙasar Turai da ya zauna yana sauraren wannan ƙara shekara da shekaru. Ita ce ta kai shi ga na'urar da ake kira rada, wadda ke hango jirgin sama tun yana nesa, ko cikin duhu, ko cikin hazo. Sunansa Robert Watson-Watt.

Asalinsa

An haife shi ran 13 ga watan Afirilu 1892 a Brechin, wani ƙaramin gari na Sikotilan, a arewacin Birtaniya. Mahaifinsa kafinta ne. Ya fara lakwal a garinsu, daga nan ya wuce babbar makaranta ta Dundee, ya fito a 1912 da takardar injiniya. Wani malaminsa, William Peddie, shi ya ja hankalinsa ga ilmin wayar iska, wato rediyo, wadda a lokacin sabon abu ce a duniya.

Farautar tsawa

Lokacin yaƙin duniya na farko, ya kama aiki a ma'aikatar kula da yanayi. Jiragen sama na wannan zamani da katako da ƙyalle ake yin su. In hadari ya rutsa da su a sama, sai dai wani ikon Allah. Aikin da aka ba shi shi ne ya gano inda hadari yake, don a gargaɗi matuƙa.

Ga dabarar da ya bi. Duk walƙiyar da ta yi, tana fid da igiyar rediyo mai tafiya nesa ƙwarai. Ita ce ƙarar nan da ake ji cikin akwati. Sai ya yi amfani da eriya mai kama da zobe, wadda ake juyawa har a san gefen da ƙarar ke fitowa. In tasha biyu masu nisa da juna suka ja layi a kan taswira, inda layukan suka gamu nan hadarin yake.

Amma akwai cikas. Walƙiya ba ta jiran kowa. Kafin a juya eriya ta wuce. Sai ya kafa eriya biyu a gicciye, ya haɗa su da wani gilashi mai nuna zanen haske. Da walƙiya ta yi, nan take layi ya bayyana a gilashin yana nuna gefenta. A 1927 aka ba shi shugabancin tashar binciken rediyo ta Slough, yamma da birnin Landan.

Tambayar gwamnati

Bayan da Hitila ya hau mulki a Jamus a 1933, ya shiga tara jiragen yaƙi. Hankalin Ingila ya tashi. Jita-jita ta bazu cewa Jamusawa suna da wani haske mai kashe mutum daga nesa. A watan Janairu 1935, ma'aikatar jiragen yaƙi ta tambayi Watson-Watt ko ana iya ƙera irin wannan makami da igiyar rediyo.

Ya ba mataimakinsa Arnold Wilkins lissafin. Wilkins ya nuna cewa ba mai yiwuwa ba ne, ƙarfin wutar da ake bukata ya wuce misali. Ba su ruɗi gwamnati don su sami kuɗi ba, suka faɗi gaskiya. Amma suka ƙara da cewa igiyar rediyo tana iya nuna inda jirgi yake.

Ran 26 ga watan Fabrairu 1935 aka yi gwaji kusa da garin Daventry, inda BBC ke da babbar tashar watsa shiri. Suka ajiye mota a fili da na'urar karɓa a ciki. Wani jirgin yaƙi ya ratsa sama, zanen hasken ya motsa, ya ci gaba da nuna jirgin har ya yi nisan wajen kilomita 13.

Yadda rada ke aiki

Wanda ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi ya yi kira, ya ji muryarsa ta komo masa, ya riga ya san tushen rada. In rijiyar ta fi zurfi, amsar ta fi daɗewa. Haka eriya ke harba igiyar rediyo sama. In ta bugi ƙarfen jirgi, kaɗan daga cikinta ya komo, wata eriya ta kama. Igiyar tana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Saboda haka, in jirgi yana nisan kilomita 150, amsar tana komowa cikin kashi ɗaya daga dubu na daƙiƙa. Na'ura ta auna wannan ɗan lokaci, ta faɗi nisan jirgin.

Shingen da ba a gani

A 1936 aka naɗa shi shugaban tashar bincike ta Bawdsey, a bakin teku. Daga nan aka fara jera tashoshi a gaɓar gabas da ta kudu ta Ingila, aka sa musu suna Chain Home. Hasumiyar ƙarfe mai aika igiya ta kai mita 110, wato ta ɗara tsawon filin ƙwallo in an tsai da shi. Ta katako mai karɓa kuwa mita 73. Kafin yaƙi ya ɓarke a watan Satumba 1939, tashoshi wajen 20 suna aiki dare da rana.

Na'urorin ba su ne mafi kyau da ake iya ƙerawa ba, kuma shi ma ya sani. Ra'ayinsa shi ne a ba soja abin da ke aiki yau, domin mafi kyau yakan iso bayan an gama yaƙi. Da babu gara ba daɗi.

A 1940, daga Yuli zuwa Oktoba, jiragen Jamus suka yi ta kai farmaki Ingila. Jiragen Ingila ba su kai su yawa ba. Amma rada tana hango maƙiya tun suna taruwa a sararin Faransa. Masu duba gilashin, da yawansu mata ne, su buga waya hedikwata, a faɗa wa matuƙa inda za su tare su. Ba a ɓarnar mai da ƙarfin mutane wajen sintiri a banza. Hitila ya fasa tsallaka teku. Dabararsa ta farautar tsawa ma ta yi amfani, da ita aka riƙa gano jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus in sun yi magana ta rediyo.

Ba shi kaɗai ya ƙago rada ba. Tun 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya gwada gano jirgin ruwa da igiyar rediyo, kuma Jamus da Amurka suna nasu binciken. Abin da ya bambanta shi, ya mai da ilmin ya zama aiki a kan kari.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1942 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma. Bayan yaƙi gwamnati ta ba shi kyautar fam 50,000. Ya koma Kanada da zama, daga baya Amurka. A Kanada wani ɗan sanda ya kama shi yana gudu da mota fiye da ƙa'ida, kuma da rada ya kama shi. Ya rasu ran 5 ga watan Disamba 1973 a Inverness, yana da shekara 81.

Rada a ƙasar Nijar

Abin da aka ƙera don yaƙi ya zo ya yi wa manoma aiki. A 1968 wani masani, Glen Schaefer, ya kafa rada a In Abangarit, cikin ƙasar Agadas, ya bi tafiyar fari da sauran ƙwari a sama cikin dare, abin da ido ba ya iyawa. Sanin hanyar fari shi ne matakin farko na tare ta kafin ta sauka a gonar hatsi. A 2006 kuma, masanan Amurka suka kafa rada a Yamai cikin wani babban binciken damina mai suna AMMA. Ta nuna yadda hadari ke haɗuwa ya jeru, ya nufo yamma, da yawan ruwan da yake ɗauke da shi.

Watson-Watt ɗan kafinta ne, daga ƙaramin gari. Jarinsa lakwal da kunne mai saurare. Sanin lokacin saukar ruwa da hanyar fari na daga cikin abin da ƙasar Maraɗi ta fi bukata, kuma wannan aiki yana jiran ƴaƴan ƙasa masu lissafi. Uban da ke shawarar fid da ɗansa ko ɗiyarsa daga aji don aikin gona, ya kamata ya sake tunani.