Aguwa: Shinge Mai Rai

Kowace shekara, da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga magidanta da gatari sun nufi daji saran ƙaya domin shinge. Kafin shekara ta kewayo gara ta cinye shingen, ko mata sun kwashe sun hura wuta, sai a sake komawa daji. Da haka itatuwanmu suke ƙarewa. Ga kuwa wani tsiro da Allah ya ba mu a bakin hanya, wanda in ka dasa shi sau ɗaya ya ishe ka har 'ya'yanka. Sunansa aguwa.

Masana tsire-tsire suna sa aguwa cikin dangin da suke kira Yufobiya, mai iri wajen 2,000 a duniya. Tinya da kyarana 'yan'uwanta ne na kusa, rogo da zurma kuwa dangi ne na nesa. Ana samunta tun daga Muritaniya da Sanagal, ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya, har Cadi. Ba ta da ƙaya. Rassanta masu taushi ne, launin toka, ganyenta sirara suna fitowa a kan rassan. Takan kai ƙafa 6 zuwa 10. Da rani takan zubar da ganye duka, ka ce ta mutu, ashe ruwa ta ɓoye a jikinta. Da ka karya reshe sai farin ruwa ya tsattsafo kamar nono. Wannan ruwa shi ya sa dabbobi ba su damu da cinta ba.

Babban aikinta shi ne shinge. A ƙasar Sakkwato da Katsina da Damagaram, da ita ake kewaye gona da burtali da makabarta. Tana tare iska, tana riƙe ƙasa. Bayan farin 1973 da 1974, da rairayi ya yi ta binne gonaki a ƙasashen bakin hamada, aguwa tana cikin tsire-tsiren da aka riƙa dasawa don tsai da shi.

Akwai wani aikin kuma. Na san 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, majami'a ɗaya, da suka yi shekara 2 ba sa gaisawa saboda kunya 3 ta gero. Dutsen da ubansu ya sa a iyaka ruwa ya ture shi, kowa ya ce ga inda yake dā. Dattawa sun sha wahala kafin su sulhunta su. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 19 aya 14, ya hana mutum ya matsar da alamar iyakar maƙwabcinsa. To, dutse ana iya ɗauke shi da dare, amma aguwar da ta yi saiwa shaida ce da ba ta tashi. Ranar sulhu, aguwa suka dasa tare.

Dashenta ba wuya. A watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan fari, ka sari rassa masu ƙwari, tsawon ƙafa 2 zuwa 3. Ka ajiye su a inuwa kwana 2 ko 3 bakin saran ya bushe. Ka haƙa rami miƙaƙƙe, zurfin taƙi ɗaya, ka jera su kusa da kusa, ka mai da ƙasa ka tattake. Kada ka ba su ruwa. Aguwa tana son jigawa, a fadama ruɓewa take yi. Kowace shekara ka rage mata kai, ka toshe kafa da abin da ka sare, ka share gindinta domin kada maciji ya sami maɓoya. In a kan iyaka za ka dasa, ka kira maƙwabcinka ya tsaya a wurin.

Iyaye mata, ga gargaɗi. Ko da yake ruwan aguwa bai kai na tinya dafi ba, yana ƙona ido. Sa'ad da muke kewaye lambun makarantarmu, wani yaro ya murje idonsa da hannu bai wanke ba, ranar bai yi karatu ba sai kuka. In haka ta faru, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon har minti 15, sa'an nan a kai shi asibiti. Kada a ɗiga ruwanta a haƙori mai ciwo ko a gyambo, kada kuma a dafa abinci da icenta.

Ya ɗan'uwa, bana kafin ka ɗauki gatari, ka dubi bakin gonar maƙwabcinka. In yana da aguwa, ka roƙe shi rassa. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.