Gidan Manomin Gbagyi a Ƙasar Kuta

Wanda ya bi hanyar Minna zuwa Kuta, ya wuce Gwada da kasuwarta ta doya, zai riƙa hango gidajen manoma a cikin gonaki, wasu a gindin duwatsu. Abin da ido ke fara kamawa shi ne rumbuna da jinkarsu mai tsini, kuma a tsofaffin gidaje sukan fi ɗakunan kwana yawa. A wajen Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, wurin ajiye abinci ake fara yi wa tanadi, ɗakin mai gida ya biyo baya. Baƙo mai wayo ba ya tambayar arzikin gida, rumbunan yake ƙirgawa.

Kakannin mutanen nan ba a fili suka zauna ba. A ƙarni na 19, lokacin da dawakin Umaru Nagwamatse na Kontagora da na ɗansa Ibrahim ke kai samame don kamen bayi, ƙauyuka da yawa a kan duwatsu suke, ɗaki na jingine da ɗaki saboda ƙarancin wuri, gona kuwa tana can ƙasa, a sauka da safe a hau kafin magariba. Bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901, suka kafa hedikwata a Zungeru a 1902, sai jama'a suka fara saukowa sannu a hankali. Gida ya samu sarari, ya matso kusa da gona, har wasu iyalai suka ware suka kafa tunga tasu.

Ginin aikin rani ne, bayan an gama girbi. Maza su haƙo jar ƙasa, mata su kawo ruwa, a zuba yankakkiyar ciyawa a tattake da ƙafa har ta yi danƙo. Magini yana ɗora curi a kan curi, yana zagayawa, in ya yi sahu ɗaya sai a bar shi ya sha iska kafin a ƙara na gaba. Mai gaggawa shi ke ganin bangonsa ya tsage. Ɗakin da'ira ne, ƙofarsa gajera, sai ka sunkuya. Jinkar kuwa a ƙasa ake haɗa ta: a ɗaure tsarin itace, a baibaye shi da ciyawa, sannan a kira maƙwabta su ɗaga gaba ɗaya su kifa a kan bango, ana ihu ana barkwanci. Daga nan aiki ya koma hannun mata. Su ke yin daɓe, suna bugun ƙasa suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ta yi ƙarfi ta yi duhu, ruwa ya kasa cin ta.

Irin wannan gida ba a gama gininsa. Kowace mata da ɗakinta da murhunta. Ɗa ya yi aure, a ƙara ɗaki, a ja gajeren bango ko zana a haɗe shi da na kusa. Tsohuwa ta rasu, ɗakinta ya koma na kaji ko na tara kayan noma. Dattijon gida yana iya zagayawa da kai ya faɗa maka wane aure ne ya kawo wane ɗaki. A bakin gida za ka ga tarin itacen girki an jera shi tsaf, wanda matan suka ɗauko a kafaɗa, domin Gbagyi ba ta ɗora kaya a ka.

A kan rumbu ne gwanintar magini take fitowa. Ana ɗora gindinsa a kan duwatsu don kada damshi da gara su samu hanya, kaji kuma su fake a ƙarƙashi. Bangonsa bai kai kaurin na ɗaki ba, cikinsa ya buɗe, wuyansa ya tsuke, bakin yana sama, sai an ɗage jinka a shiga. Dawa da gero ke kwana a ciki. Doya ba ta son rumbu, iska take so, saboda haka rumfa ake yi mata a inuwa, ana dubawa ana karye tsiro.  

Kuɗin doya ne ya kawo kwano. Manomi ya sayar da kaya a Gwada ko a Kuta, ya sayo bandir na kwano, kwano kuwa ba ya hawa da'ira, dole ɗaki ya koma mai kusurwa huɗu, aka fara buga bulon ƙasa, daga baya na siminti. Aikin madatsar ruwa ta Shiroro, wadda aka buɗe a 1990, ya ƙara kawo hanya da ma'aikata da sabon salon gini. Ba na ganin laifin wanda ya gaji da sauya jinka da fargabar gobarar hunturu. Amma duk wanda ya yi barcin rana a watan Maris a ƙarƙashin kwano marar silin ya san abin da aka rasa. Shi ya sa ma rumbu ya tsira da jinkarsa a gidajen da komai ya sauya, don zafi yana lalata iri.

Abin da kwano bai yi ba, 'yan bindiga sun yi shi. A shekarun nan ƙauyuka da dama na Ƙaramar Hukumar Shiroro sun watse, musamman wajen Allawa da Kaure, inda a 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya ce 'yan Boko Haram sun kafa tuta. Maharan sukan kwashe hatsi ko su cinna wa rumbuna wuta. Iyalai da yawa sun kwana a azuzuwan makarantun firamare a Kuta da Gwada. Waɗanda suka samu hali suna gina ɗaki ɗaya ko biyu na bulo a gefen gari, su tafi gona a kan babur su dawo kafin duhu, hatsin kuma a ɗura a buhu a jibge a ɗakin da ake kwana.