Mai Harhaɗa Magunguna a Ɗakin Duba Marasa Lafiya: Yadda Amurka Ke Horar da Shi

A shekarar 2018 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka gudanar a shagunan aski 52 na yankin Los Anjeles a Amurka. Likitan zuciya Ronald Victor na asibitin Cedars-Sinai ne ya jagorance shi, mutanen da aka bibiya kuma maza ne baƙar fata sama da 300 waɗanda hawan jininsu ya ƙi lafawa. An raba shagunan gida biyu. A kashi na farko, mai aski yakan shawarci abokin cinikinsa ya gyara cimarsa, ya je ya ga likita. A kashi na biyu kuwa, mai harhaɗa magunguna ne ke zuwa shagon da kansa, ya auna jini, ya rubuta magani, ya dawo ya sake aunawa, ya ƙara ko ya rage, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla da likitocin mutanen. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jinin 'yan kashi na farko ta sauka da maki 9. Ta 'yan kashi na biyu ta sauka da maki 27.

Babu wani sabon magani da aka gwada a kansu. Ƙwayoyin nan ne dai da ake samu a kowane kanti. Abin da ya bambanta shi ne an samu wanda ya san magani ciki da bai, aka ba shi izinin taɓa shi, ya kuma riƙa bin mutum sawu da ƙafa har jinin ya daidaita. Irin wannan ma'aikaci ba a jami'a kaɗai ake ƙera shi ba.

Tun daga shekarar 2000, duk mai son shiga wannan sana'a a Amurka sai ya yi digirin dakta na harhaɗa magunguna, wanda ke cin shekara huɗu bayan aƙalla shekara biyu na share fage. Da wannan digiri da lasisi mutum zai iya kama aiki nan take a babban kantin magani da albashi mai tsoka. Amma wanda ke son ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya yakan ƙara da horon neman ƙwarewa, kwatankwacin wanda likitoci ke yi. Ƙungiyar ASHP, ta masu harhaɗa magunguna na asibitoci, ita ce ke tantance wuraren horon tun farkon shekarun 1960. Shekarar farko ta gama-gari ce, mutum ya zaga sassan asibiti. A shekara ta biyu ne yake zaɓar fanni guda: wani ya ɗauki cutar daji, wani sashen masu jin jiki sosai, wani kuma ya zaɓi asibitin sha-ka-tafi, inda marasa lafiya ke zuwa da ƙafarsu su koma gida a ranar. Ana farawa a wajajen watan Yuli, ana yin wata goma sha biyu cur.

Mutane da yawa na raina wannan fanni na ƙarshe, don babu jiniya, babu tiyata, babu gudu a baranda. A ganina shi ne mafi wuyar koyo. Wanda aka kwantar a gado, ma'aikaciyar jinya ce ke miƙa masa ƙwaya a kan lokaci, ana auna shi safe da yamma. Mai ciwon suga ko hawan jini ko asma da ke zaune a gidansa kuwa, minti talatin ka gan shi, sauran watanni uku shi da maganinsa ne. Ko ya sha, ko ya manta, ko ya raba ƙwaya biyu don kuɗi sun yi kaɗan, ko ya daina saboda tana sa shi jiri, babu mai gani.

Shi ya sa abu na farko da ake koya wa mai neman ƙwarewa shi ne ya sa marar lafiya ya tattaro duk abin da yake sha a gida cikin jaka guda, ya juye a kan tebur. A ce dattijuwa ce mai shekara saba'in, da kwalabe goma sha ɗaya. Mai neman ƙwarewar ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana duba ranar da aka saya, yana ƙirga abin da ya rage. Ga kwalabe biyu masu suna daban, ashe magani ɗaya ne: guda likitan zuciya ya rubuta, guda an ba ta ranar da aka sallame ta daga asibiti, ita kuma tana shan duka biyun. Ga ibuprofen da take saya da kanta saboda ciwon gwiwa, wanda ke tayar da hawan jini yana kuma wahalar da ƙoda. Ga metformin na ciwon suga, alhali gwajin jini ya nuna ƙodar ta yi raunin da ya kamata a rage shi ko a dakatar. Duk wannan yana cikin littafi, ɗalibin aji huɗu ma ya san shi. Abin da babu a littafi shi ne da wanne za a fara, nawa dattijuwar za ta iya riƙewa a zama ɗaya, da yadda za a tambaye ta ta faɗi gaskiya ba tare da ta ji kunya ba. Wanda ya ce mata "Kina shan maganinki kullum?" amsar da zai samu ita ce e. Wanda ya ce "A makon nan, sau nawa kika wuce ba ki sha ba?" shi ne zai ji labari.

A watannin farko malami na zaune a gefe yana saurare, ba ya sa baki sai ta kama. Daga baya ya koma jira a waje, mai neman ƙwarewar ya fito ya karanta masa abin da ya gani da abin da ya yanke. Kafin shekara ta ƙare, yana da marasa lafiyarsa da suka san shi da suna, yana kuma koyar da ɗalibai. Kamar koyon saƙa ne a gaban gwani: hannu ne ke koyo, kuma sai da mai gyara maka zare.

Wani ɗakin da kusan kowa ke bi shi ne na maganin tsinka jini, warfarin. Magani ne mai ɗan ƙaramin fili: ya yi kaɗan jini ya daskare a jijiya, ya yi yawa jini ya ɓalle. Ana huda ɗan yatsa a ɗiga jini a na'ura, ana so lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin mutane. In ta kauce, tambayoyi ne ke biyo baya kafin a taɓa adadin ƙwaya. An ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan? Ka ƙara cin ganye irin su alayyafo da kabeji? Ganyen na ɗauke da sinadarin bitamin K da ke rage wa maganin ƙarfi. Haka ma batun azumi ga Musulmi masu allurar insulin, wanda ke buƙatar a zauna tun kafin watan ya kama a sake tsara lokaci da adadi, don kada suga ya faɗi da rana.

Izinin yin duk wannan yana fitowa ne daga rubutacciyar yarjejeniya tsakanin likita da mai harhaɗa magunguna. Likita ne ke gano cuta. Daga nan ya miƙa ragamar magani cikin iyakokin da aka rubuta: waɗanne cututtuka, waɗanne magunguna, wane gwaji, da lokacin da dole a mayar masa da marar lafiya. Jihar Washington ce ta fara halatta haka a 1979. Tun kafin nan, hukumar kiwon lafiyar 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka, ta riga ta ɗora wa masu harhaɗa magungunanta irin wannan aiki a yankunan da likita ke wuyar samu. A 2011 aka fara jarrabawar ƙasa ta shaidar ƙwarewa a fannin asibitin sha-ka-tafi.

Wanda ya taɓa bin layin masu hawan jini a babban asibiti a Kano ko Zariya ya san yadda abin yake a wajenmu: likita ɗaya, katunan mutane tuli, sannan a miƙo leda ta taga da ɗan bayani a gurguje. Jami'o'in Najeriya sun fara komawa digirin dakta na harhaɗa magunguna, akwai kuma kwalejin Afirka ta Yamma da ke ba da shaidar ƙwarewa bayan digiri. Abin da nake fata a ɗauka daga tsarin Amurka shi ne ɗakin da kujera biyu, da malamin da ke saurare, da takardar yarjejeniya da ta fayyace iyakar kowa, domin yawan jayayyar da ake yi tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya tana tasowa ne daga rashin wannan fayyacewa.

Amma su ma Amurkawan ba su gama warware nasu ba, kuma matsalar ta kuɗi ce. Mai neman ƙwarewa na karɓar abin da bai kai rabin albashin abokin karatunsa da ya wuce kanti kai tsaye ba, ga bashin makaranta na jiransa. Duk da haka akwai shekarun da kusan ɗaya cikin uku na masu nema suka rasa gurbi. A 2006 da 2007 manyan ƙungiyoyin sana'ar suka sa burin cewa kafin 2020 duk mai duba marasa lafiya kai tsaye ya zama ya yi wannan horo, burin bai cika ba. Shirin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, yana tallafa wa asibitoci a shekarar farko ta horon, amma tun farkon shekarun 2000 ya janye hannu daga shekara ta biyu. Har ila yau dokar shirin ba ta lissafa mai harhaɗa magunguna cikin waɗanda za su duba marar lafiya a biya su da sunansu ba. Sakamakon haka, wanda ya kwashe shekara biyu yana koyon daidaita jinin mutane yakan fito ya tarar da cewa dole asibiti ya nemo hanyar biyansa ta ƙarƙashin sunan likita, ko ta kuɗin da ake tsimi idan aka rage yawan masu dawowa gado. Inda aikin ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne asibitocin tsofaffin sojoji, waɗanda gwamnati ke biyan ma'aikatansu albashi kai tsaye. A can mai harhaɗa magunguna na da ɗakinsa da jerin marasa lafiyarsa, yana rubuta magani cikin iyakar da aka ba shi, kuma asibitocin na cikin manyan masu ɗaukar sababbin masu neman ƙwarewa a kowace shekara.