Yada Zango A Filin Jirgi: Abin Da Mai Sayar Da Tikiti Ba Ya Faɗa

Idan aka cire Jidda da Madina da wasu 'yan birane, kusan duk doguwar tafiyar da mutum zai yi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano sai ya yada zango a ƙasar wasu. Ɗan kasuwar da ya nufi Guangzhou, da ɗalibin da zai koma Kuala Lumpur, da majinyacin da aka tura Indiya, duk sai sun sauka a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, su jira wani jirgin. Mafi yawansu kuwa a kujerun baya suke, sashen da ake kira ikonomi, inda ni ma nake zama duk lokacin da taron ilimi ya fitar da ni, domin albashin malamin jami'a bai san hanyar kujerun gaba ba.

Abin mamaki shi ne a da Kano ce zangon wasu. A nan jiragen sama suka fara sauka a Nijeriya a 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar. Daga baya jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka riƙa tsayawa a Kano shan mai, har zuwa lokacin da aka ƙera waɗanda ke iya ratsa Sahara su wuce ba tare da sun duba ƙasa ba. Kamfanin Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, KLM kuma ya janye daga Kano a 2012. A tsawon wannan lokaci Habasha tana ta renon kamfaninta, wanda ta kafa tun 1945, har filin Bole ya zama mahaɗar Afirka. Yanzu mu ne baƙin da ake tarawa. A kwaso fasinjan Kano, a kwaso na Yamai da na Injamena da na Douala, a zuba su cikin babban jirgi guda zuwa Asiya. Da haka kamfani ke cika kujerunsa, da haka kuma tikiti ke yin sauƙi. Sai dai arahar ba kyauta ba ce. Abin da aka rage maka a kuɗi, da lokacinka da jikinka za ka cike shi.

Wahalar kujerar kanta sananniya ce. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ba ta cika wuce inci 30 zuwa 32 ba, don haka dogon mutum gwiwarsa na jingine da bayan kujerar wani har a sauka. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, shi ya sa maƙogwaro ke bushewa, kai ya yi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman sa'o'i 4 ko fiye ba motsi yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Maganin ba ya cin ko kwabo. Mutum ya nemi kujerar gefen hanya, ya riƙa miƙewa yana takawa, ya sha ruwa ko da kunyar yawan zuwa bayan gida na damunsa. Na sha ganin dattawanmu suna ƙin shan ruwa tun daga tashi har sauka don kada su tayar da maƙwabci. Wannan kara ce da ba ta da wuri a sama.

Amma ni ban ɗauki matsin kujera a matsayin babbar matsala ba. Wanda ya saba da motar haya daga Kano zuwa Legas ba zai yi kukan sa'o'i 10 a inda ake kawo masa abinci da bargo ba. Inda tafiya ke lalacewa shi ne zango. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san haka, shi ya sa ayari ba ya tashi sai da madugu, ga jagaba da ya san hanya, a masauki kuma ga fatoma da zai karɓi baƙo ya yi masa tafinta. Fasinjan yau ba shi da ko ɗaya. Mai kujerar gaba ana kai shi ɗakin hutu, a tuna masa lokacin tashi. Mai kujerar baya an bar shi da allon sanarwa rubuce da Turanci, da lasifikar da ko mai digiri sai ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci sunan garinsa. Ƙofar da aka rubuta a takardar shiga jirgi tana iya canjawa ba wanda ya taɓa shi ya faɗa masa. Agogon hannunsa ma yana iya yaudararsa, domin Addis Ababa da Doha suna gaban Nijeriya da sa'o'i 2, Dubai da 3, lokacin da ke jikin tikiti kuwa na garin da jirgin zai tashi ne. Ga sanyi. Bole yana bisa tudun da ya haura mita 2,300, wanda ya baro Kano da 'yar shara a watan Afrilu zai kwana yana rawar ɗari.

Babban tarkon shi ne bambancin tikiti ɗaya da tikiti biyu. Idan an haɗa tafiyar duka a tikiti guda, kayan mutum za su wuce kai tsaye har inda za shi, kuma idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, nauyin kamfani ne ya sa shi a wani jirgin. Idan kuwa an yanka masa tikiti biyu daban don a rage 'yan daloli, to kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Sai ya fita ya karɓi kayansa, fitar kuwa na bukatar biza, sannan ya sake shiga layi. Ya makara, kuɗinsa sun bi ruwa.

A ɗaya daga cikin waɗannan filaye na taɓa cin karo da wani dattijo da ke rakiyar matarsa asibiti a Indiya. Hulata ya gani ya nufo ni.

"Ɗana, don Allah duba min wannan takarda. Tun ɗazu suke ta nuna min can, in na je can su nuna min nan."

"Baba, wa ya yankar muku tikitin?"

"Wani yaro ne a garinmu. Ya ce wannan ya fi sauƙi."

Tikiti biyu ne. Jirginsu na farko ya yi jinkiri, na biyu ya tashi, matar na zaune a keken marasa lafiya, kuɗin da ke ɗaure a lalitarsa na aikin tiyata ne. Daga cikinsu ya ciri na sabon tikiti. Yaron da ya yanka bai yi masa ƙarya ba, tikitin ya fi sauƙi. Abin da bai faɗa masa ba ne ya cinye kuɗin magani.

Haka batun bizar wucewa. Mutane da yawa sun ɗauka tunda ba za su fita daga filin jirgi ba, ba ruwansu da biza. A Doha da Addis Ababa haka ne, muddin tikitin ɗaya ne kuma mutum bai ƙetare shingen jami'an shige da fice ba. Amma mai fasfon Nijeriya ko na Ghana da zai sauya jirgi a Faris ko Frankfurt ko Amsterdam yana bukatar bizar wucewa ta filin jirgi, sai fa idan yana riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa, kamar bizar Amurka ko ta Kanada mai aiki. Ingila ma tana da irin tata. Wanda ba shi da ita tun a Nijeriya za a hana shi hawa. Kuma duk wanda bai hau jirgin farko ba, yawancin kamfanoni soke sauran tafiyar suke yi, har da ta dawowa.

Sai kaya, wanda a wurinmu shi ne rabin tafiya. Jaka biyu masu kilo 23 kowace, shi ne abin da aka saba bayarwa a hanyoyinmu, kuma a nan ne ake samun mai cewa, "Alhaji, naka bai cika ba, taimaka ka ɗaukar min wannan." Kada a karɓa, ko daga wa. Ɗan ƙaramin tambarin da ake liƙawa a bayan takardar shiga jirgi shi ne shaidar yawan jakunkunan da aka rubuta da sunan mutum, ya ƙirga su kafin ya bar wurin awo. Ba mu manta da ɗalibar da ta tashi daga Kano zuwa Umara a ƙarshen 2018 ba, wadda aka tsare a Saudiyya saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka liƙa wa sunanta, ba a sake ta ba sai a 2019 bayan bincike ya wanke ta. Idan kuma jaka ta maƙale a zango, abin da ke yawan faruwa idan tsakanin jirgi da jirgi ya yi gajarta, mutum ya cike takardar ƙorafi kafin ya fita daga filin. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfani biyan diyya, kuma jakar da ta kwana 21 ba ta iso ba ana lissafa ta a matsayin ɓatacciya. Magani da takardun asibiti da tufafin kwana ɗaya su zauna a jakar hannu.

Tsawon jiran ma abin dubawa ne tun kafin a biya kuɗi. A ganina, ga wanda bai saba ba, zangon da bai kai sa'o'i 2 ba caca ce, domin sai an sake binciken kaya, ƙofa na iya yin nisa, kuma ana rufe ta tun kafin lokacin tashi. Sa'o'i 3 zuwa 5 sun isa mutum ya yi alwala ya haɗa sallolinsa a masallacin filin, ya ci abinci, ya gano ƙofarsa cikin natsuwa. Idan jiran ya haura sa'o'i 8, wasu kamfanoni, ciki har da Ethiopian da Qatar, suna ba da ɗakin kwana bisa wasu sharuɗɗa, har ga fasinjan ikonomi. Sau da yawa na ga mutanenmu kwance a kan tayil mai sanyi, jaka ce matashinsu, alhali da an tambaya musu tun a gida da wataƙila a kan gado suka kwana.

Duk abin da na lissafa mai sayar da tikiti ya san shi, kuma bayaninsa ba zai ci masa minti 10 ba. Shi ne kaɗai mutumin da fasinja ke gani ido da ido, ya yi magana da shi da Hausa, kafin ya faɗa hannun allo da lasifika. Ina ganin ya kamata ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiye ta ƙasa, NANTA, da sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar NCAA su wajabta wa kowane ofishi ya haɗa wa mai saye takarda guda da Hausa, da boko ko da ajami, wadda za ta faɗi ko tikitin ɗaya ne ko biyu, da sunan garin zango da bambancin agogonsa, da tsawon jira, da ko ana bukatar biza, da lambar da zai kira idan jirgi ya tafi ya bar shi. Kafin a kai ga haka, wanda zai tura mahaifinsa ko mahaifiyarsa irin wannan tafiya ya zauna da mai tikitin ya yi masa waɗannan tambayoyi, ya rubuta amsoshin da hannunsa, ya sa takardar cikin fasfo.