Althea Gibson: Ta Ci Kofi, Ba Ta Ci Kuɗi Ba

A 1930 iyayen Althea Gibson suka bar gonar auduga a kudancin Amurka, suka koma unguwar Harlem ta birnin New York. A bakin titi yarinyar ta fara buga ƙwallo.

Sai 1950 Turawa suka yarda baƙar fata ta shiga babbar gasarsu ta tanis. Ta cinye gasar Faransa a 1956, ta Wimbledon a 1957 da 1958. Sarauniyar Ingila da hannunta ta miƙa mata kyautar.

To amma fa, a zamanin ko sisin kwabo ba a biyan zakara. Tilas ta koma wasan golf neman abinci. Da tsufa da ciwo suka zo, sai da abokiyar wasanta Angela Buxton ta tara mata gudummawa. Ta rasu a 2003.