Wa Zai Yi Mana Lissafin Kuɗin Lafiya?

Duk shekara idan aka zauna rabon kasafin kuɗi, akwai hukuncin da ake yankewa a ma'aikatun lafiya ba tare da an kira shi da sunansa ba. Kuɗin da ke hannu ba ya isa. Ko dai a sayi na'urorin wankin ƙoda a kafa a babban asibitin birni, ko a ɗauki ungozomomi a tura karkara, ko a ƙaro allurar rigakafi. Duk wanda aka zaɓa an bar wani, kuma wanda aka bari ɗin rayukan mutane ne. Ilimin da ke koya wa mutum auna irin wannan zaɓi da hujja shi ake kira tattalin arzikin lafiya, kuma ina ganin lokaci ya yi da matasanmu masu neman digiri na biyu da na uku za su daina wucewa ta gefensa.

Fannin bai tsufa ba. Galibi ana danganta farkonsa da wata maƙala da Kenneth Arrow na Amurka ya buga a 1963, inda ya nuna cewa harkar magani ba ta bin ƙa'idar kasuwa yadda aka saba. Mai sayen gero zai dumtsa ya duba, ya taya, in bai yi masa ba ya matsa gaba. Majinyaci kuwa bai san ranar da ciwo zai zo ba, bai san abin da ke damunsa ba, kuma sau da yawa wanda zai karɓi kuɗinsa shi ne mai gaya masa abin da yake bukata. A kan wannan tushe aka gina sauran. Jami'ar York ta Ingila ta buɗe cibiyarta ta wannan fanni a 1983, kuma malamanta irin su Alan Williams suka yaɗa ma'aunin da ake kira QALY, wato shekara guda ta rayuwa cikin cikakkiyar lafiya. Hukumar NICE da Birtaniya ta kafa a 1999 ta yi shekaru tana tambayar duk sabon magani: nawa za a kashe kafin a samu wannan shekara guda? A waɗancan shekaru, idan kuɗin ya haura fam 20,000 zuwa 30,000, sai an kawo ƙwaƙƙwaran dalili. A 1993 kuma rahoton Bankin Duniya ya fito da ma'aunin DALY, wanda ke ƙirga shekarun da ciwo da mutuwar wuri suka cinye, kuma shi aka fi amfani da shi a ƙasashe irin namu.

Wani zai ce sa wa rai farashi rashin imani ne. Na fahimci wannan ƙyamar. Sai dai ƙin yin lissafin ba ya hana a yi zaɓin. Abin da yake yi kawai shi ne ya bar zaɓin a hannun wanda ya fi ƙarfin murya, kuma matar da ke naƙuda a ƙauye ba ta cikin masu ƙarfin murya.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa can ba. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, jihohi kuma sun kafa hukumominsu na taimakekeniya, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Kowace daga cikinsu tana bukatar wanda zai ce nawa ya kamata a cira daga albashi, waɗanne cututtuka asusun zai iya ɗauka ba tare da ya durƙushe ba, ta wace hanya za a biya asibitoci. A Nijar an mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006, amma jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu ya raunana tsarin. Wannan matsala ce ta tsara kuɗi, ba ta rashin likita ba. Ga kuma janyewar tallafin Amurka a 2025, wanda ya tilasta wa gwamnatoci neman cike giɓi daga gida.

Bincike a wannan fanni yana iya canza manufa. An daɗe ana gardama cewa idan aka ba da gidan sauro kyauta ba za a daraja shi ba. Jessica Cohen da Pascaline Dupas suka gwada a asibitocin awon ciki na Kenya, suka buga sakamakon a 2010: ɗan ƙaramin farashi ma yana korar mata da yawa, kuma waɗanda suka samu kyauta suna amfani da shi kamar waɗanda suka biya. Haka maganin rigakafin zazzabin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012: lissafin da ya nuna daloli kaɗan ne ke kare yaro guda tsawon damina yana cikin abin da ya sa masu ba da kuɗi suka yarda a faɗaɗa shi.

To ina ake karantawa? A gida, Jami'ar Bayero ta Kano tana da kwas na gaba da digiri a tattalin arzikin lafiya, tana kuma da cibiyar ACEPHAP mai nazarin lafiyar al'umma da manufofi. A Inugu, rukunin bincike na Farfesa Obinna Onwujekwe a Jami'ar Najeriya ya daɗe yana yaye masu digirin digirgir. Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu tana da sashen wannan fanni tun 1990. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram mai Faransanci yana da CESAG a Dakar da cibiyar CERDI a Clermont-Ferrand ta Faransa. A Turai akwai York da Sheffield, da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, da wani digiri na biyu na haɗin gwiwa tsakanin Rotterdam da Oslo da Bologna da Innsbruck. Wasunsu suna da karatu daga nesa ta intanet, abin da zai dace da ma'aikacin da ba zai iya barin aiki ba da matar da ba za ta iya barin iyali ba.

Batun kuɗi ne ke karya gwiwa. Tallafin Chevening na ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda a Birtaniya, da sharaɗin an yi aiki na shekara 2 kuma za a dawo gida. Tallafin ƙasashe renon Ingila ya haɗa da digiri na uku, har da tsarin da ɗalibi zai yi rajista a jami'ar gida ya je Birtaniya ya yi wata 12. Akwai DAAD ta Jamus, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya, da AERC da CARTA masu hedikwata a Nairobi, waɗanda ke horar da masu digiri na uku a jami'o'in Afirka. Mai iyali ya lura: tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu na aji tafiya da mata da yara, amma ta bar wa masu digirin bincike wannan damar.

Inda da yawa ke tuntuɓe shi ne ɗaukar digiri na uku kamar neman gurbin shiga jami'a, a cika fom a jira. Ba haka yake ba. Yawancin guraben da ke da kuɗi suna rataye ne da wani malami da wani aikin bincike da ya samo wa tallafi. Dole a nemi malamin, a karanta abin da ya rubuta, a aika masa gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da tambaya takamaimai. Wasiƙa guda da aka watsa wa malamai da yawa, mai cewa ana sha'awar inganta lafiya a Afirka, ba ta samun amsa. Wadda ta ce ana son gano nawa iyali ke kashewa a kan haihuwa a asibitin gwamnati duk da an ce kyauta ce, ga inda za a samo bayanan, ga hanyar da za a bi, ita ake karantawa har ƙarshe.

Sannan a shirya wa lissafi. Likita ko nas ko mai harhaɗa magani zai shigo da sanin asibiti, amma sai ya zauna ya koyi ƙididdiga da manhaja irin Stata ko R. Wanda ya karanta tattalin arziki kuma sai ya koyi yadda cuta ke yaɗuwa da yadda asibiti ke tafiya. R kyauta ce, alkaluman binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma ana samunsu ba da ko sisi ba. Wanda ya zo da ɗan nazarin da ya yi da hannunsa, ko da shafi goma ne, ya riga mai kyakkyawan sakamako kawai. Ƙungiyar masana fannin ta Afirka, AfHEA, wadda ta fara taronta a Akra a 2009, wuri ne da matashi zai gabatar da irin wannan aiki ya kuma haɗu da wanda zai duba masa kundi.

Abin da ɗan Arewa zai kawo wanda ɗalibin York ba shi da shi su ne tambayoyin da ya tashi a cikinsu. Manomi na samun kuɗi da kaka, ciwo kuma ya fi yawa da damina. Shin idan aka karɓi kuɗin inshora bayan girbi mutane za su fi shiga? Za a iya biya wa marayu da gajiyayyu daga zakka da waƙafi, kuma mutum nawa hakan zai ɗauka? Me ya sa mutum ke fara zuwa kemis alhali asibitin sha-ka-tafi na kusa, kuma nawa wannan ke jawo masa a ƙarshe? Nawa ake kashewa kafin a kai allurar rigakafi ƙauyen da hanyarsa ba tsaro? Kowace daga cikinsu ta isa kundin digiri na uku, kuma amsa su na bukatar wanda zai zauna a zaure ya yi hira da Hausa, a gaya masa gaskiyar abin da aka sayar aka biya kuɗin asibiti.

Saura wurin da masu dawowa za su yi aiki. Ƙasar Tailan ta kafa wata ƙaramar hukuma, HITAP, a 2007, wadda ke auna amfanin magani ko na'ura da kuɗinsa kafin a saka shi cikin jerin abin da inshorar gwamnati ke biya. Jihohinmu ba sa bukatar babban gini don su fara irin wannan. Ofis guda a ma'aikatar lafiya, da mutum uku ko huɗu da aka tura karatu da yarjejeniyar dawowa, da doka cewa ba za a yi babbar sayayya ba sai sun duba sun rubuta ra'ayinsu, ya isa a soma.